Tunau Maharbi da Rinar Baƙin Dutse

Tun ƙasar nan tana ƙungurmin daji, giwaye na kiwo inda gonaki suke a yau, aka yi wani maharbi mai suna Tunau. Dogo ne, mai ƙarancin magana, ba a kuma taɓa jin ya faɗi abu ya janye ba. Maharba 'yan uwansa sukan yi masa kirari su ce, "Tunau gagara juyi, kibiyar da ba ta komawa kwari!"

Wata shekara ya harbi ɓauna, ya bi jininta har ta kai shi wani fili mai kukoki da ɗorawa, ta faɗi a gindin wata tsohuwar kuka. Da ya ɗaga kai sai ya ga zuma tana tsiyayowa daga kogon kukar har ƙasa, ƙudan zuma sun rufe rassanta. An ce ya sa hannu ya ɗebo saƙa, ko ɗaya bai harbe shi ba. Nan ya kafa bukka. Ya koma ya ɗauko iyalinsa da ƙanensa Anaruwa, wanda shi ya rene shi tun rasuwar iyayensu, tare da matar ƙanen, Gwamma, da 'yarsu ƙarama.

Anaruwa mutum ne mai fara'a, hannunsa kuma ya iya saƙar amya. Yakan saƙa ta da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, Tunau ya hau ya ɗaure a bisa itace. Kafin 'yan shekaru babu bishiyar da ba ta ɗauke da amya. Fatake suka riƙa ratsowa suna ba da gero da gishiri su karɓi zuma, mutane suka yi ta zuwa suna kafa bukkoki, Tunau ya zama babbansu.

Maƙiyan zuma ma suka ji labari. Dage, dabbar nan mai fasa amya, shi ya fara zuwa, yana hawa yana yaga amya da farce. Tunau ya yi masa kwanto ya kashe shi, ya rataye fatarsa a reshe. Kwarkwasa ta biyo baya, ya sa aka kewaye gindin itatuwa da toka mai zafi, ta juya.

Sai aka yi shekarar fari, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. A shekarar nan rina ta zo. Ba irin wadda aka saba gani a rufin ɗaki ba ce. Kowacce ta kai tsawon yatsa, ja da baƙi, ƙugin fiffikenta kamar na guguwa. Sukan tsaya a bakin amya, ƙudan zuma na dawowa daga fure su cafke shi a sama, su datse kansa, su tafi da gangar jikin. In sun gama da masu tsaron ƙofa sai su kutsa ciki su kwashe 'ya'yan da ke cikin saƙa. Tunau yakan tsaya a gindin itace ya ga kawunan ƙudan zuma zube kamar an sheƙe ƙaiƙayi. Amya bayan amya ta zama kango.

Zumar da ta rage ita kaɗai za ta jawo fatake da hatsi. Saboda haka ya tara jama'a, ya dafa bakansa da ƙarfen kibiya, ya rantse cewa duk wanda ya taɓa amya kafin fatake su iso, rina zai miƙa wa shi.

Daga nan ya shiga neman gidansu. Ya ajiye tsokar nama, wata rina ta sauka tana yanka, ya lallaɓa ya ɗaura mata zare mai ɗan farin auduga a ƙugu. Ta tashi, ya bi farin audugar cikin daji har Baƙin Dutse, inda ya ga suna shiga suna fita ta wata tsaga. Babu mai iya kusantar tsagar da wuta, domin dubbai ne ke gadinta. Amma ya lura da abu ɗaya: duk abin da ke motsi a kusa, gaba ɗayansu suke taruwa a kansa, su bar ƙofa. Ya ɗaure karensa a gindin wani marke da ke gefen dutsen, ya ɓuya da damin ciyawa. Rina ta rufe karen. Kafin Tunau ya kai rabin hawa kukan karen ya ɗauke, suka juyo, da ƙyar ya tsira. Ya koma gida ya san abin da yake bukata: rai mai daɗewa kafin ya fita.

Ba a jima ba aka wayi gari an fasa amya ɗaya. Ba a sha wahalar nema ba. Aka sami Anaruwa a bukkarsa, fuska a kumbure da harbin zuma, yana ɗiga wa 'yarsa zuma a baki da yatsa, yarinyar kuwa yunwa ta kwantar da ita har ba ta iya ɗaga kai.

Dattawa suka ce wa Tunau rantsuwa ba ta hau kan jininsa ba, a yanka akuya a wanke ta. Gwamma ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

Ta ce, "Yaya, kai ka goya shi. Ka kore mu, mu shiga daji, amma kada ka kai shi dutsen nan."

Tunau ya dube ta, ya dubi ƙanensa, a ransa kuwa yana auna ƙarfin jikin Anaruwa da tsawon hawan dutsen. Ya gaya wa kansa cewa zai yi sauri, zai dawo ya kwance shi da rai.

Ya ce, "Na rantse a gaban kowa."

Da hantsi ya ɗaure shi a gindin marken da hannunsa, ya shafe masa ƙirji da zuma. Anaruwa bai yi gardama ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, kada ka daɗe."

Tunau ya jefa dutse a bakin tsagar. Suka fito kamar hayaƙi, suka yi kan marken. Ya hau da damin ciyawa da garwashi a kasko, ya cusa, ya hura, wuta ta kama. A ƙasa ƙanensa na kiran sunansa. Ya juya zai sauka, sai ya hangi wata tsagar a bayan dutsen, hayaƙi na fita, uwar rina tana jan jiki za ta fice, girmanta ya kai na ɗan tsako. In ta tsira, baɗi za su dawo. Ya tsaya. Ya ji muryar ta koma kiran uwarsu da ta daɗe da rasuwa. Ya zagaya bayan dutsen, ya take uwar rinar da diddige, ya toshe tsagar da ciyawa ya cinna mata wuta, bai sauko ba sai da ya ji ƙugin ciki ya mutu.

Da ya iso marken da bakin wuta a hannu yana korar sauran, bai gane fuskar da ke gabansa ba. Idanu sun shige, leɓɓa sun kumbura sun tsage. Ya yanke igiyar ya rungume shi. Anaruwa ya motsa baki, Tunau ya kai kunne.

"Ta sha zumar?"

Ya ce, "Ta sha."

Anaruwa bai kai gida da rai ba.

Rinar da ta rage ta watse, ƙudan zuma suka dawo, fatake suka iso da gero, babu wanda yunwa ta kashe a wannan shekara. Jama'a suka zo yi wa Tunau kirari, ya ɗaga hannu ya hana. Gwamma ta goya 'yarta ta tsaya a ƙofar bukkarsa, ta ce masa, "Ka ci gari, Yaya. Zumar ma ka sha, in za ta wuce maka." Ta bi fatake, ba a sake jin labarinta ba.

Tunau ya rayu har ya tsufa, garin ya girma ya yi ganuwa. Da aka so a kira shi da sunansa ya ƙi, ya ce sunan garin Anaruwa. Zuma kuwa ba ta sake wuce maƙogwaronsa ba. In ya kai ta baki sai amai.

Har yau a garin, duk mai amya yakan bar guda ɗaya ƙasa-ƙasa, inda hannu zai kai, wanda yunwa ta kama ya ɗiba, ba a kiransa ɓarawo. Zuriyar Tunau su ke riƙe da sarautar garin, su ke da amya mafi yawa. Suna ɗibar zuma, suna tacewa, suna sayarwa, amma ko yaron goye a gidansu ba a lasa masa ita.