Yadda Bakin Dummi Ya Koma Kallon Ƙasa

Dalilin da ya sa bakin kifin nan dummi yake kallon ƙasa, leɓe a kumbure kamar wanda ya sha mari, shi zan gaya muku. Kai mai ƙwaryar can, zauna! Wanda ya katse ni, na tashi.

Da can bakin Dummi a gaba yake, ɗan tsut. A kogi take zaune, har ranar da wani masunci, Barmo, ya gaji da bin ruwa, ya haƙa tafki a fadamarsa. Ya zuba Karfasa, ya zuba Tarwaɗa, ya haɗa da Dummi, cikinta fal ƙwai.

Kullum da hantsi Barmo kan ƙwanƙwasa ƙwarya a bakin tafki, ya watsa dusa. To, Karfasa akwai zafin nama, Tarwaɗa akwai ƙarfin kafaɗa. Kafin Dummi ta juyo da nauyin cikinta, sun lashe.

"Yaya Tarwaɗa, ku rage mini ko loma," in ji Dummi. "Ba don ni ba, don abin da ke cikina."

"Mu muka ɗora miki?" in ji Tarwaɗa, tana karkaɗa gashin baki. "Matsa, uwar nawa!"

Karfasa ta tuntsire da dariya. "Ki sauka ƙasa mana. Abin da ya zube daga bakinmu ma ya ishe ki."

Gatse ta yi, amma yunwa ba ta san gatse ba. Dummi ta nutse. Can ƙasa ta tarar da dusar da ta kwanta cikin laka, ta fara tsami. Ta kafa baki tana tona, tana tsotsa, tsakuwa na yankar leɓenta. Ba daɗi, amma ƙwanta sun kwana da rai. Sai dai duk inda ta tona, ruwa ya gurɓace.

Barmo ya leƙa ya ga tafkinsa ja kamar kunun kanwa. Mutum ne mai saurin hannu, tunani daga baya. "Wace 'yar banza ce ke dama mini ruwa?" Ya jefa komar kamun kifi, ya fito da Dummi, laka har ido. Ya kai wa matarsa Tabawa. "Ajiye ta a randa. Ran Juma'a a yi mana miya."

Dummi ta kwanta a gindin randa, ba ta ko motsi. Ba wuƙar take tunani ba, ƙwan da ba za su ga ruwa ba take tunani.

A tafki kuwa ruwa ya kwanta garau, Barmo har da fito. Amma dusa na ta taruwa a ƙasa, ba mai taɓawa. Ta ruɓe, ruwa ya yi baƙi, ya ɗau wari. Ran Juma'a da safe sai ga Karfasa a sama, baki buɗe, tana haki, 'ya'yanta sun fara juya ciki sama.

Barmo ya faɗo gida hula a hannu. "Tabawa, an yi mini sammu! Kifina na mutuwa!"

Ita kuwa ta riga ta ciro Dummi, wuƙa a hannu, amma ta tsaya tana duban bakin nan da ya kumbura ya lanƙwashe.

"Malam, zo ka gani. Me wannan ta ci har bakinta ya zama haka?"

"Laka mana! Ita ce mai tayar mini da ƙura a ruwa."

"Ni ma kullum na ɗau tsintsiya sai ƙura ta tashi a gidan nan," in ji Tabawa. "Ka taɓa sa ni a randa?"

Barmo ya karɓi Dummi da hannu biyu, ya ruga fadama. Ya ɗebe rabin ruwan, ya jawo sabo daga kogi, ya saki Dummi a ciki.

Karfasa ta matso da ƙyar. "Yaya Dummi, ki hau sama, yau ke za ki fara ci."

Dummi ta gwada. Ina! Bakin ya riga ya juya, ba ya kama abin da ke yawo a sama.

"Bar shi, ƙanwata," ta ce. "Ku ci naku. Amma ƙasa tawa ce, ni da 'ya'yana, kada wadda ta sake yi mana gori."

Tarwaɗa ta sauke gashin baki, ta ba ta hanya.

Shi ya sa har yau 'ya'yan Dummi ke fitowa da baki a ƙasa, kuma mai tafkin da ya san abin da yake yi ba ya zuba karfasa da tarwaɗa ya bar dummi a baya. In kun leƙa kun ga ruwa ya ɗan yi ja, kada in ji wani ya ce ƙazanta. Shara ake yi.