Ladingo da Ta Ce Ƙasa Ta Sake Ta

"To, kowa ya gyara zama, mai ƙaiƙayin baki ya riƙe bakinsa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo."

Wata mata ce ana ce mata Ladingo. Gidanta ne na ƙarshe a ƙauyen, daga shi sai daji. Mijinta ya rasu, 'ya'ya suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tal ta rage mata, Dije, ita ma aure ya kai ta wani gari mai tafiyar kwana uku. Shekara biyar rabonta da ganin 'yar nan. Sai ta wuni ba wanda ya yi mata sallama.

Ran nan sai ga fatake da saƙo. Suka ce Dije ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Kun san haihuwar fari gida ake zuwa wanka, to hanya ta yi nisa, uwar mijin kuma ta rasu. Ba mai dafa mata ruwan jego, ba mai dama mata kunun kanwa. Dije ta ce a gaya wa Inna ta zo kafin suna.

Ladingo ba ta tsaya wata-wata ba. Sai ta ɗauko ƙatuwar tukunyar wanka, ta cika taiki da gero, ta naɗa gammo, ta ɗora. Sai ta kama hanya ita kaɗai.

Rana ta farko, kafin azahar wuyanta ya sage. Sai ta sauke kaya a gindin tsamiya tana mita, wai wane mugu ne ya ƙirƙiro nauyi. Sai ta ji murya daga ƙarƙashin ƙafarta.

"Ni ce, Ladingo. Ni ce Ƙasa. Duk abin da yake da jiki ina janyo shi wurina. Mai babban jiki in ja shi da ƙarfi, mai ƙarami in ja shi daidai jikinsa. Jan nan nawa shi kuke kira nauyi."

Ku da kun ji haka ai da kun zuba a guje. Ita kuwa daɗi ta ji, don ta daɗe ba a kira sunanta ba. Sai ta ce, tunda ke ce, sakar mini tukunyar nan. Ƙasa ta ce ba ta so, amma za ta saki. Sai tukunya ta tashi tana lilo a iska. Sai Ladingo ta ɗaure ta da igiya, ta ja ta kamar akuya.

Rana ta biyu, taikin gero ya ishe ta. Sai ta zauna a bakin rafi ta ce, Ƙasa, sakar mini geron nan. Ƙasa ta ce ta yi tunani dai. Ladingo ta ce ta gama tunani, jikarta na jira. Sai Ƙasa ta saki. Sai taiki ya tashi. Sai ta ɗaure shi a igiyar, ta yi gaba har da 'yar waƙarta.

Rana ta uku, ba kaya a kanta, amma ƙafafu sun kumbura, ƙaya ta soke ta, ga wani tudu a gabanta. Bayan tudun nan garin su Dije yake. Jibi suna. Da ta kwana a nan ta huta, da safe ta hau a hankali, me zai hana ta isa? Amma ina, ɗoki ya rufe mata ido. Sai ta ce, Ƙasa, saura ni.

Ƙasa ta ce, "Kada ki sa ni. Tukunya ke kika riƙe ta, gero ke kika riƙe shi. Ke wa zai riƙe ki?"

Ladingo ta ce tudun nan kawai za ta haye. Ƙasa ta roƙe ta sau uku, sau uku tana ƙi. Sai Ƙasa ta saki.

Sai ciwon ƙafa ya tafi. Sai ta ji ta sakayau. Sai ta ɗan doka ƙafa don ta yi gaba, sai ga ta a sama. Ta wuce kan tsamiya, ta wuce kan giginya, ta kai hannu ta kama reshe ba ta samu ba. Iska ta kwashe ta da ita da tukunya da taiki, ta haye da su tudun. Tun tana dariya har ta daina.

Can sai ga garin a ƙarƙashinta, ɗakuna ƙanana kamar an kife ƙore. Ta duba, ta duba, sai ta hango wata a tsakar gida, jaririya a cinya, tana fama da hura wuta da hannu ɗaya. Uwa ba ta kasa gane 'yarta. Sai ta kira, "Dije."

Dije ta ji kamar muryar Inna. Sai ta miƙe ta nufi ƙofar gida, ta leƙa hanya. Ba kowa. Wa zai nemi uwarsa a sama? Ladingo ta sake kira, Dije ta sake leƙawa. Ta kira na uku, muryar ba ta ƙara isa ba.

Sai ta ce, Ƙasa, na tuba, ja ni. Muryar Ƙasa ta zo mata can ƙasa-ƙasa, don an yi nisa. Ta ce za ta iya, amma daga inda take, in ta ja ta, faɗowa za ta yi gaba ɗaya, gudu na ƙaruwa har ta iso. Ladingo ta ce to ta ja ta kaɗan-kaɗan.

"Ban iya kaɗan-kaɗan ba. Kowa daidai jikinsa nake jansa. Ki faɗa yanzu, kina ƙara nisa hannuna na ƙara sanyi."

Ladingo ta dubi ƙasa. Daidai tsakar gidan take. In ta faɗo, a gaban Dije za ta faɗo, ga ta da ɗanyen jego, ga jaririya a hannu. Ranta ya so saukar nan kamar me, ko da gawarta ce ta isa. Ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta ce, "Bar ni. Gara ta ce ban zo ba."

Sai Ƙasa ta bar ta. Sai iska ta wuce da ita.

Ranar suna aka taru, aka ci aka sha, aka watse. Mata suna ta cewa wace irin uwa ce wannan, a aika mata ta ƙi zuwa. Dije kuwa sai ta miƙe. Ta goya 'yarta, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hanya. Da aka ce ta shigo, sai ta ce a bar ta tukuna, Inna ba ta da sauri.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In kaya ya yi muku nauyi, ku sauke ku huta, ku sake ɗauka. Nauyin nan da kuke kuka da shi, shi yake riƙe da ku kusa da naku. Ku tashi ku je ku kwanta.