Harajin Zauren Malam Jatau

An ce a zamanin da, wani sarki ya ɗora wa kowane gida haraji gwargwadon darajarsa, ya aiki mai ƙiyasi ya zaga gari. To, mai ƙiyasin nan namiji ne, namiji kuwa ba ya wuce zaure a gidan da ba nasa ba. Sai ya riƙa tsayawa a ƙofa, ya dubi zaure, ya yanka wa gida kuɗi da ka, ya manta ba a cinikin biri a sama.

Akwai wani dattijo masani, Malam Jatau, wanda zaurensa ya kai na attajirai faɗi, amma bayansa ɗaki ɗaya ne tak, inda yake zaune da tsohuwar matarsa, ɗakin ma yoyo yake yi. Aka yanka masa harajin attajiri, aka ce in kaka ta wuce bai biya ba, gida ya zama na hukuma.

Malam ya kai kuka wurin mai unguwa, mai unguwa ya tura shi wurin ma'aji. Ma'aji ya ce bakin alƙalami ya bushe, sai dai waziri. Waziri kuwa ba shi da magana sai a dawo gobe, gobensa kuma ba ta wayewa. Malam ya yi ta safa da marwa har takalminsa ya cinye, haƙurinsa ya ƙare, takaici ya ishe shi. Ran Juma'a ya tare sarki a hanyar masallaci, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce:

"Ya sarki, wanzami kai yake askewa ko rawani?"

Sarki ya ce, "Kai mana."

"To, wanzaminka rawanina ya duba, ya ce in biya ladan askin kan da bai gani ba."

Sarki ya nemi bayani, Malam ya kwashe labari duka ya faɗa masa. Aka aiki jakadiya, tun da ita mace ce tana iya shiga. Ta dawo ta ce ba ta ga komai ba sai ɗaki guda, da ƙorai an jera ana tarar ruwan yoyo.

Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Kai ma da laifinka, tsoho. Mai ɗaki ɗaya me ya kai shi gina zauren attajirai, in ba son a sani ba?"

Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a da zauren ƙarami ne. Mutanen ƙauye ne ke kawo ƙara fadarka, a ce musu gobe, ba su da masauki, sai su kwana a wurina. Duk shekara masu jira suna ƙaruwa, ni kuma ina ƙara wa zaure faɗi. Ya sarki, ba arzikina aka auna ba, jinkirin fadarka aka auna."

Kunya ta rufe sarki. Sannan ya soke harajin Malam, ya ce a sake ƙiyasin gari duka da mata masu shiga ciki. Bai koma fada ba ranar sai da ya zauna a zauren nan ya saurari ƙarar kowa, waziri na tsaye yana zufa.

Masu hikima suka ce: adalcin da ya tsaya a zaure bai san halin da masu gida ke ciki ba.