Yadda Marka Mai Ƙurar Fiffike Ta Samo Dangi

Ga ta nan, ga ta nanku, yau mai fiffike huɗu ce.

Ta sauka mu ji ta, Iya, mun gyara mata wuri.

To, ku matso. Wata shekara damina ta kawo kai, sai aka yi shela a garin ƙwari cewa kowa ya hallara a gindin kuka, za a raba masauki. Rabon kuwa dangi-dangi ne. Tsoho Buzuzu ke rabawa, don duk dajin babu wanda ya kai shi sanin asali. Ya ce duk wanda rana ta faɗi bai nuna danginsa ba, masaukinsa bangon Tsaka.

Kun san Tsaka dai. Tana manne a bango tun safe, tana lasar baki, tana cewa, "A turo mini su. Ni ban taɓa yin baƙon da ya fita yana ƙorafi ba."

Aka ba Zuma kogon itace. Aka ba Gara suri. Aka ba Tururuwa rami. Sai aka zo kan waɗansu 'yan mitsi-mitsi masu ruwan toka, waɗanda yanzu muke kira asu, wasu su ce faɗa-wuta. Mai magana da bakinsu ita ce Marka. Ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, amma rawar kanta ta ishi gari.

Buzuzu ya ce, "Ke 'yar nan, 'yar gidan wa ce ke?"

Ta ce, "Baba, a cikin adaka aka haife ni, tsakiyar zanen wata tsohuwa. Wannan a rumbu aka haife shi. Waccan a cikin ganyen lemo."

Ya ce, "Wurin haihuwa kika faɗa mini. Asali na tambaya. Jeki nemo mai cewa ke tasa ce."

Marka ta waiwaya ta ga 'yan uwanta sun cure wuri ɗaya suna makyarkyata. Ta gyara fikafikanta. Ta tashi tana waƙa:

Fir-fir, Marka, fir-fir,
Wa ke so ya ce tasa ce?
Ba ni da nauyi, ba ni da cizo,
Rana na gudu, Tsaka na jira.

Ta sauka gidan Fara. Ta ce, "Sannu da hutawa, Yaya Fara. Ƙanwarki ce ta zo."

Fara ta ce, "Mu a ƙafa ake gane mu. Daka tsalle mu gani, ban da fiffike."

Marka ta ja numfashi, ta durƙusa, ta daka. Ta faɗi rigingine daidai inda take, ƙafafu shida a sama. Dangin Fara suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su, har tata ta fi tasu. Fara ta kama ta ta tayar, sai ƙurar fiffiken Marka ta shige mata hanci. Atishawa, atishawa, atishawa, sau uku. Ta ce, "Fita, ke ba tamu ba ce."

Marka ta karkaɗe jiki ta kama waƙarta, fir-fir, Marka, fir-fir, har gidan Sauro.

Ta ce, "Kawu Sauro, 'yar ƙanwarka ce."

Ya ce, "Fiffikenki nawa?"

"Huɗu."

"Mu biyu gare mu."

"Sai in ɓoye biyu, Kawu. Wa zai sani?"

Ya ce, "To ina allurarki? Ga jaki can, je ki sha jininsa."

Bakin Marka kuwa a naɗe yake kamar gammo. Ta warware shi, ta hau kunnen jaki, ta soka. Baki ya lanƙwashe. Ta sake sokawa, ya sake lanƙwashewa. Jaki ya ji cakulkuli, ya kaɗa kunne, ya wurgo ta kan Sauro. Sauro ya yi atishawa sau uku, har muryarsa ta ƙara sirancewa. Ya ce, "Fita, ke ba tamu ba ce."

Rana ta karkata. Marka ta ci gaba da waƙarta, har ta isa lambun Malam-buɗe-littafi. Ga shi kan fure, ya sha ado, ja da ɗorawa da baƙi.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ina jin jininmu ɗaya."

Ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce, "Zauna mu gani."

Ta zauna, fikafikanta suka kwanta a bayanta kamar jinkar ɗaki.

Ya ce, "Mu tsaye muke haɗa namu. Ƙahonmu da ɗan ƙulli a kai, naki zare ne kawai. Ga ki kamar an tsamo ki daga murhu." Bai ko taɓa ta ba. Ya kaɗa mata fiffike, fat, fat, wai ta ba shi wuri.

Sai Marka ta yi atishawa. Ta sake. Ta sake.

Ta tsaya cik. Ta shafa hancinta, ta ga gari ja da ɗorawa a hannunta. Sai dariya ta kama ta. Ta tashi tana wuntsila gudi-gudi a iska, ta yi karo da reshe, ta yi karo da wani, ba ta ko ji zafi ba.

Ta iso gindin kuka rana ta yi ja. Kowa ya dawo kallon yadda za ta ƙare. Tsaka ta sauko taku uku.

Marka ta ce, "Baba Buzuzu, ban samo ba. Amma kafin a miƙa mu, a bar mu mu yi rawar ban kwana. Kowa ya hau ganyensa. Gyare, sakar mana kiɗa."

Gyare ya saki kiɗa. Fara ta taka, Sauro ya taka. Malam ya kau da kai, wai shi ya fi ƙarfin rawa. Marka ta ɗaga murya ta ce, "Ku ƙyale Malam. An ce da can ya iya juyi, amma yanzu ƙugu ya tsufa."

Kafin ta rufe baki Malam yana kan ganye. Ya juya dama, ya juya hagu, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe, ana ta guɗa.

Da kiɗa ya tsaya Marka ta ce, "Baba, duba ƙarƙashin kowa."

Buzuzu ya duba ganyen Fara, babu komai. Ya duba na Sauro, babu komai. Ya duba na Malam, gari. Ya duba na Marka, gari. Ya ɗiga ɗigon ruwa a kan kowanne ya leƙa ta ciki, don ɗigon ruwa yana ƙara wa abu girma. Ashe ba gari ba ne, ƙananan ɓawo ne irin na jikin kifi. Na Malam masu launi, na Marka masu toka, amma ƙira ɗaya.

Ya ce, "Fiffike huɗu, baki a naɗe, ɓawo a fiffike. Gidanku ɗaya."

Marka ta rungume Malam ta ce, "Sannu da rawa, Yaya."

Malam ya ce, "Na yarda, amma kada a gan mu tare. Ni na ɗauki rana."

Ta ce, "Mu mun ɗauki magariba, ta fi sanyi."

Tsaka ta ja tsaki ta koma sama da yunwarta.

Da Buzuzu ya tsaya nan da ya huta. Amma sai ya ce babban gida ɗaki-ɗaki ne, bari ya raba ƙananan su ma. Kowane ɗaki zai mulmula masa ɗan curin laka don kada ya manta. Masu cin zane, curi. Masu cin hatsin rumbu, curi. Masu naɗe ganye su kwanta ciki, curi. Ya ce, "Mun gama."

Sai ga wata: "Baba, ni fiffikena da geza." Curi. Sai ga wani: "Ni nawa a tsattsage yake kamar gashin kaza." Curi. Sai ga wata: "Ni da geza, amma tawa ta fi tata tsawo." Marka tana gefe tana tafi, tana kiran na bayan dutse da na ƙarƙashin ɓawon itace su fito a san da su.

Laka ta ƙare a gindin kuka. Buzuzu ya koma kashin shanu. Shi ma ya soma ƙarewa, layi bai ragu ba. Sai tsoho ya tattara curin nan duka ya dunƙule su wuri ɗaya, ya sunkuyar da kai ƙasa don kada su gane fuskarsa, ya sa ƙafafun baya ya dinga turawa, ya gudu da baya da baya.

Shi ya sa har yau in kun ga Buzuzu, kansa a ƙasa yake, yana tura dunƙulensa da baya. Rabon ɗakunan su Marka ne bai gama ba, kuma yana tsoron a ce masa ga wata ta zo. Ku kuma in za ku ce wani ba naku ba ne, ku fara dubawa da kyau, kada ku tsaya a launin rigarsa.

Ƙurunƙus kan ɗan tsaka. Wanda bai yi dariya ba, gobe shi zai taya Buzuzu turi.