Sharaɗin da Yazid Ya Goge

Akwai wani matashi a Dutsin-Ma, Yazid, mai kula da rumbun bayanan kwamfuta na wata ƙungiya da ke yi wa shanu rigakafi a ƙauyukan Kurfi.

A jadawalin makiyaya akwai gurbi guda mai tambaya: an yi wa garke allura ko ba a yi ba? Murja, abokiyar aikinsa da ta tsara jadawalin, ta kafa sharaɗi cewa kwamfuta ba za ta karɓi "an yi" ba sai da kwanan wata. Har ta raɗa wa sharaɗin suna, "babu_rana_babu_allura", don duk wanda ya tare wa hanya ya san dalili.

Ran nan takardun da ma'aikata ke kawowa daga ƙauyuka suka taru, sharaɗin yana ta dawo da Yazid baya. Ya ja tsaki, ya goge shi. Sannan ya saita gurbin yadda in an bar shi ba komai, kwamfuta za ta cika "an yi" da kanta.

"Malam Yazid, ka mayar da shi," in ji Murja. "Takardar da babu rana, wataƙila ba a je wurin ba."

"Ni za ki koya wa aiki? Ai yawanci an yi."

Cikin takardun da suka zo ba a cike ba akwai ta Jibo, wani dattijon makiyayi a Tamawa. Da ma'aikata suka fita zagaye na biyu, suka tsallake rugarsa, tunda kwamfuta ta nuna an gama da shi.

Bayan wata biyu Jibo ya shigo ofis. Bai ɗaga murya ba.

"Shanu bakwai na rasa. An ce na'ura ta ce an yi musu allura. Wallahi ko ƙurar motarku ban gani ba."

Shugaban ofis ya soma cewa matsalar kwamfuta ce. Da Yazid ya yi shiru, da maganar ta wuce a haka.

"Ba kwamfuta ba ce, Baba. Ni ne. An gargaɗe ni, na ƙi ji."

Jibo ya ce masa:

"Nawa sun tafi, ɗana. Ka duba na sauran mutane."

Yazid ya roƙi Murja suka bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar da garke goma sha huɗu da ba a taɓa zuwa ba. Washegari da shi aka fita, kuma a kowace ruga shi ya fara sauka ya ba da haƙuri.

Darasi: Kada ka bar na'ura ta amsa abin da kai ba ka tabbatar ba, kuma kada ka tsige ƙa'ida don kawai ta rage maka sauri. Ku tura wa duk mai riƙe da bayanan jama'a.