Jan Layin da Ya Hana Malam Ila Sayar da Gida

Akwai wani dattijo a Kurmin Mashi mai suna Malam Ila. Duk ƙuruciyarsa a ofishin ƙididdiga ya ƙare ta, aikinsa zana layin nan mai hawa da sauka, wanda ke nuna ko abu gaba yake yi ko baya.

Da ya yi ritaya sai zaman gida ya ishe shi. Ran nan ya sayo farin kwali da baƙin biro, ya ce bari ya zana rayuwarsa ita ma. Ku ji fa rigima!

Layin ya tashi da kyau tun daga samartaka. Sai ya zo shekarar da aka hana shi ƙarin girma aka ba na ƙasa da shi. Daga nan layi ya karyo. Benen da ya so ginawa ya tsaya a fandisho, gwiwa ta fara ciwo, abokan aiki suka daina kira. Ya manna kwalin a bangon zaure, kullum ya zauna ya zuba masa ido.

Wata safiya ya ce wa matarsa Tani, "Na kira dillali, ran Asabar zai zo ganin gidan nan. Ƙauye za mu koma. Ban tsinana komai a Kaduna ba."

"Haba Malam! A nan na haifi 'ya'yana, a nan 'yan'uwana suke. Saboda kwali za ka tashe mu?"

"Ƙididdiga ba ta ƙarya, Tani."

Baiwar Allah ta shiga ɗaki ta sha kukanta, sannan ta kira 'yarsu Husaina da ke aure a Unguwar Sarki.

Husaina ta zo, ta daɗe tsaye gaban kwalin. Ta ce, "Baba, ba kai ka koya mana cewa layi ɗaya ba ya ba da cikakken labari ba? Ina na biyun?"

"Me kuma ya rage da zan auna?"

"Shekarar da aka hana ka ƙarin girma, me ka koma yi da yamma?"

Ya ce, "Zuciya na yi, na daina kaiwa magariba a ofis. Sai na riƙa tara yaran unguwa a zauren nan ina koya musu lissafi, don in rage baƙin ciki."

Husaina ta zaro jan biro daga jaka. "To, cikin yaran nan, Mustapha mai gyaran rediyo, da aka yi masa haihuwar fari, sunan wa ya sa?"

"Nawa."

Ta ɗiga a kwalin. "Asabe malamar asibiti fa?"

"Ita ma takwara ta yi mini."

Tani ta leƙo daga tsakar gida tana share ido. "Kun manta Suhaib na Babbar Kasuwa. Da ɗan Laraba, wanda suke kira Malam Ƙarami."

Abu kamar wasa, uwa na tuno suna da shekara, 'ya na ɗigawa. Da Husaina ta haɗa ɗigon, sai ga jan layi ya taso daga ƙasa, ya ratsa baƙin layin Malam, ya yi sama har ya kusa fita daga kwalin.

Malam Ila ya gyara tabarau. Duk sunayen nan ya je, ya ci goro, ya yi addu'a, amma bai taɓa ɗaukar su abin aunawa ba. Ya bi jan layin da yatsa har tushensa, ya ga daga gun da nasa ya karye ya samo asali.

Ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. "Alhamdulillahi. Ashe ban yi zaman banza ba."

Ran Asabar dillali ya yi sallama. Malam Ila ya fito da fara'arsa ya ce, "Ka yi haƙuri, na ba ka wahala. Gidan nan ba na sayarwa ba ne. Idan na tashi, ina takwarorina za su same ni?"

Tani tana daga ciki, wallahi har da guɗarta.

Darasi: Kada ka auna rayuwarka da abin da ka rasa kaɗai. Sau da yawa a inda ka ga ka faɗi, a nan Allah Ya fara ɗaga ka ta wata fuskar. Ku tura wa wani dattijo da ke ganin bai tsinana komai ba, wataƙila nasa jan layin ne ba a zana ba tukuna.