Suna Ɗaya a Ƙarƙashin Hoton Kaltume

Ku matso ku ji, akwai rigimar da ta ɗaure mini kai.

A Zariya aka shirya gasar hotuna, aka ce a kawo hoto ɗaya da zai nuna abin da ke cikin zuciyar budurwa. Wadda ta ci, za a ba ta gurbin koyon aikin hoto na shekara guda. Wasu ƙawaye uku suka haɗa kai: Saude, Kaltume da Lantana.

Saude ce mai kyamara. Sati biyu tana ɗaukar 'yan mata, amma kowacce sai ta tallafe haɓa ta tsuke baki, kamar hoton kalandar biki. Can ta lura da wani haske da ke faɗowa ta tagar ɗakin girkin su Kaltume da hantsi. Kwana uku tana gadinsa.

Kaltume ce ta yarda ta zauna a hasken. Kakarta da ta raine ta ta rasu bara, tun ranar ba a ga hawayenta ba, ba a ga haƙoranta ba. Ta zauna, fuska a kulle.

Lantana kuwa ba kyamara, ba haƙuri, sai shegen kwaikwayo. Ta laɓe bayan labule, ta shaƙe murya irin ta marigayiya, har da ɗan tarin nan: "Ke Kaltume, sarkin son jiki! Miyar za ki bari ta kama?"

Kaltume ta juyo a firgice. "Na'am, Iya?"

Saude ta danna.

Kwana huɗu Kaltume ba ta yi wa Lantana magana ba, ta ce ma a goge hoton. Ranar rufe gasa, ita da ƙafarta ta kai shi.

Hoton ya ci, alƙalai suka rikice. Wani mai gilashi ya ce, "Wannan ai dariya ce." Wata Hajiya ta ce, "Haba Malam, dubi idon, kuka ne!" Aka tambayi Kaltume, ta ce wallahi ita ma ba ta sani ba.

Sai aka miƙo takarda. Layi ɗaya ne, suna ɗaya, gurbi ɗaya.

"Ni na danna," in ji Saude.

"Sati biyu kina dannawa, me kika samo?" in ji Lantana.

Kaltume ta dube su a hankali. "Kakar wa aka taso?"

Har yanzu biron na kan tebur. To, ku da kuka ji, sunan wa za a rubuta?